Tambayoyin Masu Karatu: Yadda Ake Gane Hon Na Asali a Tsofaffin Motocin Birtaniya

Tambaya

Assalamu alaikum Malam. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina neman shawararka a kan wani aiki da na shekara biyu ina fama da shi. Na sayi mota MGA 1600 ƙirar 1959 a Ingila, inda nake zaune, kuma burina shi ne in mayar da ita yadda ta fito daga masana'anta, tun daga injin har zuwa noti na ƙarshe. Da na kwance gabanta sai na tarar da wani ƙaramin hon guda ɗaya, da sunan Lucas a jikinsa da alamar 9H, an ɗaure shi a kan wani guntun ƙarfe da bai yi mini kama da aikin kamfani ba. Wani mai sayar da tsofaffin kayan mota ya nuna mini hon iri biyu: ɗaya zagayayye mai ƙyalli da ya kira Altette, da kuma wasu manya guda biyu masu siffar dodon koɗi da ya ce sunansu Windtone. Ya ce duk na Lucas ne, don haka kowanne na ɗauka daidai ne. Shin wanda na tarar a jikin motar shi ne na asali, ko ɗaya daga cikin waɗannan? Kuma yaya zan tabbatar da kaina ba sai na dogara da bakin mai sayarwa ba?

Amsa

Wa alaikumus salam. Malam, na ji daɗin wasiƙarka ƙwarai, domin hon yana cikin kayan da masu farfaɗo da tsofaffin motoci suka fi yi wa riƙon sakainar kashi, alhali shi kaɗai ne muryar da motar take da ita bayan ƙarar injin. Amsar a taƙaice ita ce: wanda ka tarar ba shi ne na asali ba, Altette ma ba na motarka ba ne, kuma abin da kake nema yana cikin dangin Windtone, samfurin da ake kira WT618. Amma da yake ka ce kana so ka tabbatar da kanka, bari mu bi hanyar a tsanake, don ita ce za ta yi maka amfani a kan sauran kayan wutar motar ma.

Maganar mai sayarwa cewa duk na Lucas ne gaskiya ce, sai dai ba ta warware komai ba. Kamfanin Joseph Lucas na Birmingham shi ne ya yi wa yawancin masana'antun motocin Birtaniya kayan wuta na tsawon shekaru masu yawa, tun daga MG da Triumph har Austin-Healey da Jaguar, kuma a cikin waɗannan shekaru ya fitar da hon iri-iri. Sunan Lucas a jikin hon yana gaya maka gidan da ya fito ne kawai, bai gaya maka shekarar da aka yi shi ko motar da aka yi shi dominta ba.

Hon ɗin wancan zamani ya kasu gida biyu ta fuskar yadda yake fitar da sauti, kuma wanda ya fahimci wannan zai iya ware rabin abin da aka baje masa a tebur da kallo ɗaya. A cikin kowannensu akwai naɗin waya da yake zama maganaɗisu idan wuta ta shiga, sai ya jawo wani ɗan ƙarfe da yake manne da siririn faifai. Da zarar faifan ya motsa sai ya raba wasu ƙananan bakuna biyu da wutar take bi, waɗanda masu rewaya suke kira kwantak, sai wutar ta yanke, faifan ya koma mazauninsa, bakunan su sake haɗuwa. Wannan kai-komo yana faruwa sau ɗaruruwa a cikin daƙiƙa guda. A gida na farko, wanda lambobinsa suke farawa da HF, ƙarfen yana bugun zuciyar maganaɗisun, wani faifai na biyu da ke waje kuma yana amsawa, shi ya sa ƙararsa take da kaifi da tsauri, siffarsa kuma zagayayya ce mai faɗi kamar faranti. Altette ɗan wannan gida ne. An san shi a jikin babura masu yawa, da kuma motoci irin MG TC da aka yi daga 1945 zuwa 1949, inda yake zaune a fili gaban lagireto kowa yana ganinsa. Wanda aka nuna maka yana da kyau, na yarda, amma ya girmi motarka a salo, kuma da yawa daga cikin waɗanda ake samu a kasuwa na babur ne masu aiki da volt 6.

Gida na biyu shi ne Windtone, mai lambobi da suke farawa da WT. A nan faifan ba ya bugun komai, iska yake girgizawa a cikin wata doguwar hanya da aka naɗe kamar gidan dodon koɗi, wadda take buɗewa a ƙarshe kamar bakin kakaki. Tsawon hanyar da kaurin faifan su ne suke ba da amon, shi ya sa sautinsa yake da zurfi da daɗin ji. Jikinsa zubin ƙarfe ne mai nauyi, da murfi mai siffar ƙwarya a kife wanda sukurori guda ɗaya yake riƙe da shi a tsakiya. MG TD ta fito da samfurin WT614, sannan WT618 ya biyo baya, kuma shi ne na zamanin MGA, wadda aka yi a Abingdon daga 1955 zuwa 1962. Shi kuwa 9H da ka tarar, ƙanin waɗannan ne da ya zo a shekarun 1960: ya fi su ƙanƙanta da rashin nauyi, an haɗe jikinsa da rifit, kuma shi ake gani a MGB, wadda ta gaji MGA a 1962. Abin da ya faru da motarka a fili yake. Na asalin ya yi shiru wata rana, wani bakanike ya ɗauko wanda yake hannu, ya lanƙwasa ƙarfe ya ɗaure shi, mota ta ci gaba da tafiya. Ban ga laifinsa ba, don a lokacin mota ce ta hawa yau da gobe.

Yanzu sai mu zo ga inda na fi so ka ba da ƙarfi, wato shaidar da hon ɗin yake ɗauke da ita a jikinsa. Lucas yana da al'adar buga bayanai a kan kayansa: lambar samfuri, lambar kaya mai alƙaluma biyar wadda sau da yawa harafi yake biye da ita, ƙarfin wutar da kayan yake aiki da shi, da kuma lokacin da aka yi shi. Waɗannan rubuce-rubuce ƙanana ne, kuma shekaru sittin na fenti a kan fenti da laka da tsatsa sukan rufe su ruf. Kada ka kai musu injin goga ko takardar yashi mai kaushi, domin zubin ƙarfen yana da laushi kuma alƙaluman ba su da zurfi. Yadda nake yi shi ne in jiƙa wurin da kananzir, in bi shi a hankali da burushi mai gashin tagulla, in share, sannan in goga alli a kai in shafe da ɗan yatsa. Allin yakan maƙale a cikin ramin alƙaluman su fito fari tas a kan baƙin fenti. Idan har yanzu ba su fito ba, ka shiga wuri mai duhu ka haska tocila daga gefe, kusan a kwance da jikin ƙarfen, inuwa za ta nuna maka abin da hasken rana ya ɓoye. Ka duba gefen jikin, da ƙarƙashinsa, da kusa da maɗaurin.

WT614 da WT618 sun yi kama sosai, musamman a hoto, don haka kada ka saya sai ka karanta lambar da idonka. Sannan ka duba kwanan watan. A shekarun motarka, Lucas yakan buga wata da shekara ne, misali 3 59, wato watan Maris na 1959. Daga baya ya koma buga mako da shekara, saboda haka idan ka ga alƙalumman farko sun wuce 12, ka san mako ake nufi, kuma kayan na baya-bayan nan ne.

Wannan kwanan wata ba ya da amfani sai ka san ranar da aka haɗa motarka, kuma a nan ne mutane da yawa suke kuskure, suna ɗaukar shekarar rajista a matsayin shekarar ƙira. Mota takan zauna watanni a wurin dillali kafin a yi mata lamba. Abin da za ka yi shi ne ka aika da lambar shasinka zuwa ma'ajiyar tarihi ta British Motor Industry Heritage Trust da ke gidan tarihin motoci na Gaydon a Warwickshire, su ciro maka takardar shaida daga littattafan masana'anta. Takardar takan nuna lokacin da aka haɗa motar, da ranar da ta bar masana'anta, da launinta na asali, da ƙasar da aka yi ta dominta, wani lokaci har da ƙarin kayan da mai saye na farko ya nema. Masu Jaguar kuma nasu yana wurin Jaguar Daimler Heritage Trust. Idan takardar ta zo, ƙa'idar mai sauƙi ce: kaya yana riga mota zuwa duniya. Hon da aka yi makonni kaɗan ko watanni kaɗan kafin ranar haɗa motar ya dace da ita. Wanda kwanan watansa ya biyo bayan wannan rana, ko da samfurinsa daidai ne, ba zai yiwu a ce da shi ta fito ba. A ganina, idan ka sami WT618 mai lafiya na 1958 ko 1960, ka saka shi da kwanciyar hankali, domin siffa da sauti da aiki duk ɗaya ne. Neman wata takamaimai sai ga wanda zai shiga gasar da alƙalai suke leƙa ƙarƙashin mota da madubi.

Sai batun ko ɗaya ko biyu. MGA ta saba fitowa da hon guda ɗaya, na biyun kuma ƙari ne da mai saye yake biya. Ka duba gaban shasinka ta ƙasa, ka ga ko akwai maɗauri ko ramukan noti a ɓangarorin biyu, ko akwai alamar an taɓa ɗaure wani abu a wurin, sannan ka bi tsohuwar wayar motar idan ba ka zubar da ita ba, ka ga ko ta yi reshe zuwa ɗaya gefen. Ka kuma nemi littafin jerin kayan gyara da kamfanin ya fitar domin wannan mota, wanda yake nuna daga wace lambar shasi aka canza wane kaya. Ƙungiyar MG Car Club da ke Abingdon, wadda aka kafa tun 1930, tana da masana a kan kowane samfuri da za su taimaka maka da wannan. Idan ka yanke shawarar saka biyu, to ka leƙa cikin bakin kowanne, za ka ga harafin L a mai kaurin murya, da H a mai siririyar murya. An yi su ne su tashi tare su ba da amo guda mai jituwa. Na taɓa sayen biyu a wata kasuwar tsofaffin kaya ba tare da na leƙa ba, saboda mai su ya ɗaure su da waya ɗaya ya ce tagwaye ne. Da na isa gida na wanke su, sai na ga L a cikin duka biyun. Sun yi aiki, amma ƙarar ba ta da wannan cikar da kunne yake jira, sai da na shafe kusan shekara kafin na sami abokin tafiyarsu.

Abu na ƙarshe a kan motarka: idan ka ɗaga murfin da ke bayan kujeru za ka ga mazaunin batir guda biyu masu volt 6. An jera su ne su ba da volt 12, don haka hon mai alamar 12V za ka saya. Na ga wanda wannan ya ruɗa. Kuma kada batun wane kan batir ne yake manne da bodi ya dame ka. MGA ta fito da kan tarawa, wato mai alamar +, a jikin bodi, wasu kuma sun juya nasu daga baya, amma irin wannan hon yana aiki ta kowace fuska. Allah Ya ba ka ikon kammalawa lafiya.

Tambaya

Malam, barka da aiki. Ina da Triumph TR6, kuma hon biyun da ke jikinta ba sunan Lucas ne a kansu ba, an rubuta Clear Hooters. Wani abokina ya ce in cire su in sa na Lucas, wai waɗannan na kanti ne aka saka daga baya. Me ka gani?

Amsa

Malam, kada ka cire su tukuna. Clear Hooters kamfanin Birtaniya ne da ya sayar wa masana'antun motoci hon da makunnan wuta, kuma Triumph tana cikin masu saye a wurinsa. A shekarun da aka yi TR6 a Coventry, daga 1968 zuwa 1976, masana'anta ba ta ɗaure kanta da mai kawo kaya guda ɗaya ba, ana iya samun motoci biyu da aka haɗa a lokaci kusa da juna, wannan da Lucas, waccan da Clear Hooters, kuma dukansu na asali ne. Abin da za ka duba shi ne yadda suke zaune: shin maɗauransu sun hau ramukan da ke jikin motar ba tare da an huda sabo ba, shin wayoyin sun kai gare su ba tare da an yi ƙari ko an yanke ba, shin tsufansu ya yi daidai da na ƙarafan da ke kewaye da su. Idan amsar eh ce, to abin da kake riƙe da shi ya fi wanda abokinka yake so ka saya daraja, domin waɗannan sun yi tafiya da motar tun farko.

Tambaya

Assalamu alaikum. Malam, na yi sa'a na sami Windtone mai lamba da kwanan wata da suka dace da motata, amma da na haɗa shi da batir sai ya yi ƙas sau ɗaya ya yi shiru. Shin ya mutu ke nan, in sayi sabon da ake yi yanzu mai kama da shi? Kuma ko dokar Birtaniya ta yarda a hau titi da irin wannan tsohon hon?

Amsa

Wa alaikumus salam. Malam, wannan ƙas ɗin da ka ji labari ne mai daɗi, don yana nuna cewa naɗin wayar yana da rai, maganaɗisun ya ja, abin da ya rage shi ne kai-komon bai ci gaba ba. Mafi yawan lokuta laifin datti ne a kan kwantak, ko tsatsa da ta riƙe sandar da take tura faifan, ko kuma wutar da ka ba shi ba ta kai ba. Windtone yana da ci: WT618 guda ɗaya yana jan kusan amfiya 8, alhali 9H bai kai amfiya 4 ba, don haka siririyar waya ko raunannen batir ba za su tashe shi ba. Ka gwada shi da cikakken batir da waya mai kauri, kuma ka ɗaure shi ta maɗaurinsa a jikin abu mai ƙarfi, domin idan yana kwance a tebur ko bakinsa yana taɓa wani abu, sautin yakan shaƙe.

Idan bai tashi ba, ka kwance sukurorin tsakiya ka ɗage murfin. Za ka ga kwantak ɗin a fili. Ka zura siririyar takardar yashi mai laushi a tsakaninsu ka ja sau kaɗan, ka bi da farar takarda mai tsabta har ta daina fitowa da baƙi, ka ɗiga mai kaɗan a kan sandar ba tare da ya taɓa kwantak ɗin ba. Sannan sai saiti: a sassauta notin kulle, a juya notin saiti har bakunan su rabu hon ya yi shiru, a dawo da shi baya kamar rabin juyi, a kulle. Ka riƙe cewa wannan saiti ba ya canza amon hon ɗin, cike gurbin abin da ya cinye kawai yake yi, don haka kada ka yi ta murɗawa kana neman mayar da L ya zama H. Kada kuma ka daɗe kana danna shi alhali bai tashi ba, domin a wannan hali wuta tana kwarara a cikin naɗin ba yankewa, za ta iya ƙona shi. Ka leƙa cikin kakakin ma. Na sha zazzage busasshiyar laka da gidan ƙwari daga ciki, hon da aka yanke wa ƙauna ya dawo da muryarsa.

Idan ya yi aiki a tebur ya ƙi a mota, ka bi wayar. A motocin shekarun 1950 irin MGA, wuta tana zuwa hon ne kullum ta waya mai ruwan ƙasa da ratsin kore, maɓallin kuma aikinsa shi ne ya haɗa ɗaya wayar, mai ruwan ƙasa da ratsin baƙi, da bodi. A na baya kamar MGB launin ya koma shunayya da shunayya mai ratsin baƙi. Fis ɗin hon a MGA an rubuta masa amfiya 50, amma wannan tsohon lissafin Birtaniya ne da yake nuna inda fis zai tsinke, abin da yake ɗauka a kullum rabin haka ne. Wanda ya sa fis na zamani mai lamba 50 ya bar wayarsa ba kariya.

Game da sababbin da ake yi yanzu, suna da amfani ga wanda nasa ya fashe ko ya ƙone, amma naka bai kai nan ba, kuma a hannu ma za ka ji bambancin nauyi. Ta fuskar doka kuwa, dokokin ƙira da amfani da motoci na 1986 sun ce motar da aka fara hawa daga 1 ga Agusta 1973 dole ƙarar hon ɗinta ta zama mai ɗorewa, iri ɗaya, ba mai tsinka kunne ba, kuma an hana sauran motoci hon mai sauya murya biyu bi da bi irin na motocin agaji. Tagwayen Windtone ba su shiga wannan hani ba, domin tare suke tashi. Tun daga Mayun 2018 yawancin motocin da suka wuce shekara 40 ba a tilasta musu gwajin MOT na shekara-shekara, amma wajibi ne hon ya kasance yana aiki duk lokacin da motar take kan titi, kuma ba a danna shi a cikin unguwa daga ƙarfe 11:30 na dare zuwa 7:00 na safe sai idan akwai haɗari.